Kabad ɗin Mahaifiyar Yu-rim

"Yaya, ka riƙe da kyau mana! Dubi yadda ta karkace!"

Yu-rim ce a saman kujera, hannuwanta dumu-dumu da kunun fulawa, tana manna takardar bango. Du-sik, angonta, yana ƙasa riƙe da gefen takardar, amma idonsa ba a kan bangon yake ba.

"Bangon ne a karkace, ba ni ba," in ji shi.

"Ƙarya kake! Ni kake kallo."

"To laifi ne?"

Ta ɗiga masa kunun a hanci, suka yi ta dariya.

Ɗakin haya ne a wata tsohuwar unguwa a birnin Incheon, irin wanda rabinsa ke cikin ƙasa. Taga ɗaya gare shi, kuma ba a ganin komai ta cikinta sai takalman masu wucewa da tayoyin babura. Iyakar inda ƙarfin Du-sik ya kai ke nan, shi da yake walda a wata ƙaramar masana'anta. Namiji ne ke nemo gida, mace ta cika shi da kaya, haka kowa ya taso ya tarar. Shi rami ya samo. Ita kuwa marainiya ce, abu ɗaya ta zo da shi, kabad ɗin mahaifiyarta da ta rasu bara. Baƙi ne wuluk, dogo har yana shafar silin, an yi masa ado da ɓawon katantanwar teku, gauraki biyu suna shirin tashi a kan ƙofofinsa. Idan rana ta sunkuyo ta leƙo tagar da yamma, sai tsuntsayen su kama sheƙi kamar yanzu suka fito daga ruwa.

Mai gidan ya hana buga ƙusa, ya hana fenti. Yu-rim ko a jikinta. Ta ɗaura zare daga bututun gas zuwa ƙarfen taga ta jera hotunansu a kai. Ta farke tsohon siket ɗinta mai ruwan ƙwai ta ɗinka labule. Gwangwanayen madara ta wanke ta shuka albasa mai ganye a ciki. Akwatunan lemon da Du-sik ya roƙo a kasuwa suka zama wurin jera takalma. Kullum ya dawo daga aiki sai ya tsaya a bakin ƙofa yana neman abin da ya sauya, ita kuma tana bayansa tana cewa, "Ka gano? Ba ka gano ba? Makaho!"

Ranar da suka kira dangi cin abincin sabon gida, mahaifiyar Du-sik ta zo da takardar bayi da garin sabulu kamar yadda aka saba, don arziki ya yi ta kumfa. Tare take da Min-ju, ƙanwar Du-sik, wadda ke auren wani ma'aikacin banki a can saman wani dogon bene.

"Kai! Anti, ai na san labulen nan," Min-ju ta ce tun kafin ta cire takalmi. "Ba siket ɗinki ba ne? Lokal! Tsaya in ɗauka a waya."

Yu-rim ta yi murmushi ta ci gaba da jera kwanuka. Tsohuwar kuwa ba ta zauna ba. Tana tsaye a gaban kabad ɗin.

"Wannan fa? A wane kanti aka sayo shi?"

"Na mahaifiyata ne, Mama."

"Mahaifiyarki wadda ta..."

"E, Mama."

Tsohuwar ta ja da baya kamar wadda ta taka garwashi. "Kayan mamaci! A ɗakin amarya! Ke ba wanda ya gaya miki ƙona su ake yi? Katako yana riƙe mai shi, yarinya. Wannan ya sha numfashinta shekara da shekaru!"

"An ƙona sauran duka, Mama. Shi kaɗai na roƙa aka bar mini."

"Du-sik, kana ji? Ka yi magana mana!"

Du-sik ya sunkuyar da kai yana juya shinkafar da ke gabansa. Bai ce wa uwarsa komai ba, bai ce wa matarsa komai ba. A ransa yana ganin idan ya yi shiru maganar za ta mutu da kanta.

Maganar ba ta mutu ba, kwanciya ta yi.

Kafin kaka ta wuce Yu-rim ta samu ciki. Ta yanka taurari daga takardar alewa mai ƙyalli ta manna a silin, daidai inda jariri zai kwanta. Ta kwashe kayanta daga aljihun kabad na ƙasa ta jera 'yan riguna ƙanana waɗanda ta ɗinka da hannu. Du-sik yakan kifa kunnensa a cikinta yana gaya wa ɗan labarin walda, har ta ture shi tana dariya.

Da sanyi ya tsananta, wata safiya, cikin ya zube. Namiji ne. Ba a bar su sun gan shi ba.

Yu-rim tana kwance a asibiti, fuskarta a bango, lokacin da mahaifiyar Du-sik ta ja shi waje.

"Na je wurin mai duba," ta ce. "Kafin in zauna ta ce mini akwai tsohon katako a ɗakinku. Uwar ce ke kewar 'yarta. Ta rasa yadda za ta ɗauke ta, sai ta ɗauki jikan."

"Mama, likita ya ce hakan yana faruwa..."

"Likita ne ya haife ka? Jira kake ta dawo ta ɗauki matar taka? Ka fitar da shi kafin a sallamo ta. In ba haka ba, kada in ƙara ganin ƙafarka a gidana, ko da ranar tuna mahaifinka ce!"

Du-sik ya koma ɗakin shi kaɗai. Taurarin suna nan a silin. Ya daɗe a tsaye yana kallon gaurakin nan biyu, zuciyarsa tana neman wanda za ta ɗora wa laifi, kuma katako ba ya musu. Ya je ya sayo sitikar da ake manna wa manyan kayan da za a zubar, ya kira wani maƙwabci suka cicciɓe shi suka hau matakala da shi da ƙyar. Motar shara ta zo ta tafi da shi.

Da ya sauko sai ya ga abin da ya manta. Takardar bango ba ta ishe su ba tun farko, Yu-rim ta tsallake bayan kabad ɗin, tunda ba mai gani. Yanzu ga wurin a fili, tsohuwar takarda mai funfuna, baƙi-baƙi, tsaye kamar ƙofar da ba ta zuwa ko'ina.

Ranar da ya dawo da Yu-rim daga asibiti, ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta ɗaya a kan cikinta.

"Ina ka kai shi?"

"Yu-rim, don lafiyarki na yi. Mama ta ce..."

"Kayan yaron fa?"

"Na cire su. Suna cikin leda."

Ta gyaɗa kai. Ta cire takalmanta ta jera su, ta shimfiɗa bargo ta kwanta. Da ta yi ihu, da ta mare shi, da ya fi masa sauƙi.

Washegari ya bar aiki ya ruga filin da ake tara irin waɗannan kayan a bayan gari. Mai gadin ya dube shi sama da ƙasa. "Katako ne ko? Ai katako ba ya kwana a nan, samari. An niƙe." Du-sik ya tsugunna a gaban tsibin garin katako, yana tona shi da hannu, har mutumin ya ce ya tashi ya ba mota hanya.

Daga nan ɗakin ya yi shiru. Tana dafa abinci, tana wanki, tana cewa "to" da "a'a", amma ba ta ƙara kiransa Yaya ba. Albasar gwangwani ta bushe. Ya ce zai rufe wurin nan na bango, ta ce, "Bar shi." Wata rana ya tarar ta haɗa kayanta a jaka ta jingine a kusurwa. Innarta da ke garin Mokpo ta yi ta kira tana cewa ta taho.

"Tafiya za ki yi?" ya tambaye ta.

"Ban yanke ba tukuna."

Kowace yamma yakan sauko matakalar a hankali, yana tsoron ya buɗe ƙofa ya tarar jakar ba ta nan.

Ana cikin haka mahaifiyarsa ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta ya shanye. Da asibiti suka ce a tafi da ita gida, ya kira Min-ju.

"Sori, Yaya," ta ce. "Ka san mijina ba ya son hayaniya. Kuma kujerunmu farare ne, ka gane ai."

Ya ajiye wayar ya zauna riƙe da kai. Bakinsa bai iya roƙon Yu-rim ba, da wace fuska? Ita ce ta yi magana daga wurin murhu, ba tare da ta juyo ba.

"Ka kawo ta."

"Bayan abin da..."

"Na san yadda ake jinyar uwa, na taɓa yi. Ba don kai ba ne."

Babu wani fili a ɗakin sai inda kabad ɗin ya tashi. Nan aka yi wa tsohuwar shimfiɗa a daɓen da ake ɗumamawa, fuskarta tana kallon baƙin wurin nan safe da yamma. Yu-rim ke ba ta kunun shinkafa a baki, ita ke juya ta, ita ke wanke ta idan ta ɓata jikinta. Wani lokaci tsohuwar ta ture cokalin kunun ya zube, Yu-rim ta goge ta sake ɗebo wani. Ba ta taɓa ɗaga murya ba, ba ta kuma taɓa yin murmushi ba.

Wata Lahadi da rana, Du-sik yana zaune a gefe, Yu-rim tana taje wa tsohuwar kai. Tsohuwar ta buɗe baki, harshenta yana nauyi.

"Me take... ajiyewa a cikin kabad ɗin? Mahaifiyarki."

Matajin ya tsaya. Can Yu-rim ta ce, "Barguna. Da rigar bikinta. A aljihun sama takan ɓoye mini alewa, tana zaton ban sani ba. Idan na buɗe ƙofar, ƙamshinta nake ji."

Hawaye ya gangaro daga idon tsohuwar mai lafiya ya shige cikin kunnenta.

"Min-ju ta kira jiya," ta ce. "Tana tambaya me da me za a zubar a gidana. Ina raye! Ina ji da kunnena!" Ta yi numfashi da ƙyar. "Du-sik. Ka je ka ɗauko adakar aurena. Wadda ke ƙarƙashin taga. Ka ajiye ta a nan."

"Mama, ki bari ki warke..."

"Yanzu, tun ina numfashi! In na mutu kada wanda ya ƙona ta. Ta zama kayan mamaci a ɗakin nan, mai magana ya yi ta yi." Ta lalubo hannun Yu-rim. "Ba ta kai kabad ɗinki kyau ba. Ba za ta zama shi ba. Amma ita ce abin da nake da shi. Ni na sake raba ki da uwarki, 'yata. Ki yafe mini."

Yu-rim ta kifa kanta a ƙirjin tsohuwar ta fashe da kuka, irin kukan da ba ta yi ba a asibiti, ba ta yi ba a bakin ƙofa. Du-sik ya fita ya zauna a matakala, shi ma yana nasa.

Adakar gajera ce, ja, duk ta sha gogayya. Rabin wurin kawai ta rufe.

Tsohuwar ba ta ga ƙarshen bazara ba. Bayan an binne ta, Min-ju ta zo da kawunsu, ƙanen marigayiyar, suna tattara kayan da za a ƙona.

"Saura adakar nan," in ji kawun. "Kama mini, Du-sik."

Du-sik ya tashi ya tsaya a gabanta. "Ba za ta fita ba, Kawu."

"Kai, yaro! Ka san abin da kake faɗa? Wani cikin kake so ya zube?"

"Yaya, don Allah kada ka ba mu kunya," Min-ju ta ce. "Tsohon akwati ne fa!"

"Na taɓa yin shiru a ɗakin nan," Du-sik ya ce, bai matsa ba. "Na san abin da ya jawo mini. Ta matata ce. Duk mai son ƙona ta sai ya fara da ni."

Kawun ya tofar da yawu ya ce ba shi ba su. Min-ju ta bi bayansa tana tsaki. Aka bar su su biyu, da ƙarar takalma a taga.

Yu-rim ta daɗe tana kallon mijinta. Sannan ta je kusurwa ta jawo jakarta, ta zuge, ta buɗe adakar ta fara jera kayanta a ciki ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama ta miƙa masa jakar wayam.

"Ka ɗora ta a sama. Tana tare mini hanya."

Haƙurin Yu-rim ya tausasa zuciyar da faɗa ba zai taɓa tausasawa ba, ya kuma tsayar da auren da ya kusa rushewa. Amma kabad ɗin bai dawo ba, kuma ba zai dawo ba. Don haka duk namijin da ya tsinci kansa tsakanin uwarsa da matarsa, ya girmama uwar, amma kada tsoro ya sa shi taɓa abin da ya rage wa marainiya. Ya yi magana tun ranar farko, tun abin yana tsaye a ɗaki.