Marin Ɗanbaba

Bushira na sheƙar gero a tsakar gida lokacin da aka shigo da akwatunan lefe uku. Ko ɗaga kai ba ta yi ba, amma rabin geron ƙasa ya sha.

Shekara tara ke nan tana hannun Hajiya Nana, matar wan mahaifinta, kuma ita ke wankin Abdurrahman, ɗan Hajiyar, tun kafin ya zama mushen lakwal, wato malamin makaranta. Kowa ya ɗauka tuwona maina za a yi. Sai ga shi ya je bakin tafkin Madarumfa sayen kifi, ya dawo da zancen Lami, ɗiyar masunta.

Ranar Laraba Hajiya ta aiki Bushira gidan su Lami da lalle. Nan ta iske kakar Lami, tsohuwa Marka, tana goge wani tsohon mari da man gyaɗa, irin ƙarfen da ake ɗaure ƙafar bayi da shi. Bushira ta faki ido ta ɗauke shi hoto a waya. Har ta iso gida zuciyarta fari tas. Ta miƙa wa Hajiya wayar.

"Inna, duba abin da surukanki ke ɓoyo. Jikokinki za a riƙa nunawa da baki."

Hajiya ta sa aka kulle akwatunan a ɗaki. Abdurrahman ya durƙusa ya shaida mata ba ɓoyo ba ne, al'adar gidan ce: duk wanda ya zo neman ɗiyarsu sai an ɗora masa marin a hannu kafin a amsa masa, kuma shi ya riƙa da hannu biyu. Wannan ya ƙara ɓata mata rai, wato ya sani ya rufe ta. Ta ce da ƙafarta za ta je ta warware maganar.

Labari ya kai wa Lami, amma kwana goma sha ɗaya ba ta kira Abdurrahman ba, ba ta kuma aika wa Bushira ko kalma ɗaya ba. Kukanta a kan dardumar salla yake ƙarewa.

Da Hajiya ta je, Bushira na biye da ita, Marka ba ta bari ta gama gaisuwa ba. Ta ɗauko marin ta aza mata a cinya.

"Riƙe, Hajiya, ki ji nauyinshi. Kakana Ɗanbaba ya kwana arba'in da shi. Kama shi aka yi a gonar ubanshi yana noma. Taɓa nan, inda ya yanke. Da dutse ya dinga gurzawa har yatsunshi biyu suka lalace, sannan ya gudo, masuntan tafkin nan suka rufe shi da komar kamun kifi. To ki faɗa mini, ɗiyata, tsakanin wanda ya ɗaura da wanda ya kwance, wa ke da abin kunya?"

Hajiya ta shafa wurin yankan da babban yatsa. Lami ta kawo ruwa ta durƙusa, idanunta a kumbure, ta gaishe ta, ta gaida Bushira ma. Hajiya ta sha ruwan. Sannan ta nemi gafarar tsohuwa, ta ce Jumma'a mai zuwa lefe zai iso.

A hanya Bushira ta fashe da kuka, ta ce ita ba asalin kowa ya dame ta ba, Yaya Abdurrahman take so. Hajiya ta ce ta sani, kuma so ba laifi ba ne, laifin shi ne tono ciwon mutane don a rama zafin zuciya.

Ran Jumma'a Bushira ce ta ɗauki akwatin farko a ka. Lami ta tare ta a ƙofa ta taya ta saukewa.

Haka haƙuri ya yi wa Lami aikin da baki ba zai yi ba. Allah bai halicci kowa da mari a ƙafa ba, mutane ne suka ƙera shi, kuma wanda ya tsinke nasa ya bar wa jikokinsa abin alfahari.