Kazar Omma

Mi-ran ƙawata, ajiye jakar nan ki zauna, riƙe min jaririyata!

Ke kin tafi Busan kin bar ni, ba ki san rabin abin da na gani ba. Tun rasuwar Appa, mahaifina, ina ɗaure a shagon mahaifiyata Omma a nan Chuncheon, daga tukunya sai tebur, gashina kullum warin barkono da hayaƙi. Ko bakin tafki ban isa in je ba.

Ranar da Temur ya fara shigowa, ɗan yawon buɗe ido daga Samarkand, jimla uku kacal ya iya a yarenmu.

Ya ɗaga hannu ya ce, "Jeogiyo!" yadda baƙi ke kiran mai kawo abinci.

Na zo, ya kalle ni, ya ce, "Gogi ppaego juseyo." Wai a cire masa nama.

A shagon gasa kaza fa, Mi-ran!

Omma ta leƙo daga kicin. "Wane ne wannan? Ya zo gidan kaza yana gudun kaza?"

Taliya mai sanyi na kawo masa. Ya sunkuyar da kai ya ce "Jal meokgesseumnida," zan ci da godiya, kamar ɗan makaranta... Zuciyata ta tafi ke nan.

Ya koma ƙasarsu, ya dawo, ya samu aiki a masana'anta, ya koyi yarenmu saboda ni.

Sai Gwang-su, ɗan mai kawo mana kaji, da ya daɗe yana zagaye na, ya shiga kunnen Omma, yana kiran ta Imo, wato gwaggo.

"Imo, Temur ƙyamar girkinki yake yi. Kuma ɗauke ta zai yi, ki tsufa ke kaɗai a kan wuta."

Omma ta ce, "Da-som, in kin aure shi, a shagon nan baƙo ne. Baƙo!"

Muka ɗaura aure ba ta zo ba.

Ban iya barin ta ba, gwiwarta ta lalace. Kullum ina shago, shi kuma ya zauna a teburin bakin ƙofa, ya ci taliyarsa, ya biya kamar kowa. Mijina fa! Ni ke share masa tebur, ban isa in zauna ba.

Na sha kuka a bayan firji.

"Rabin raina, mu tafi Samarkand," in ji shi wata rana. Ya ga fuskata, ya ce, "A'a... mun zauna."

Na haihu, Omma ta ɗauki jikarta, amma shi ko kallo.

To jiya da rana yarinyar nan ta ƙi shiru, shago cike. Temur na jijjiga ta a kafaɗa, Omma ta tsaya a kansa.

"Kai. Me kazata ta yi maka?"

Ya miƙe tsaye. "Ba ta yi komai ba. Ƙamshinta har mafarkinsa nake. A addinina sai an yanka da sunan Allah, shi ke nan."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta juyo kaina. "Ke kuma bakinki ciwo yake?"

Na ce, "Omma, kin taɓa bari na ƙarasa magana?"

Ta juya ta koma kicin.

Yau da safe sai ga ta a ƙofarmu tana ɗingishi, da kazarta mai yin ƙwai a hammata, da ranta! Kin dai san a al'adarmu uwa ba ta yanka irin wannan kazar sai don surukin da ta karɓa.

Ta miƙa masa wuƙa.

"Ungo, surukina. Yanka yadda kuke yi. Ka yi sauri, ka rame kamar tsinken cin abinci."

Temur ya fashe da kuka, ƙato da shi, kazar na ta fisge-fisge!

Tana kan wuta yanzu haka, mun rufe shago yau. Don Allah ki kira ƙawayenmu su Bo-ra ki faɗa musu. Kuma ki tabbata ya kai kunnen Gwang-su!