Abin da Na Zuba Masa a Shayi

"Me kike zuba masa a shayi?"

Yaya Kulu ce, yayar mijina, tsaye a kaina tana shinshina butar.

"Ganye da sukari, Yaya."

"Ƙarya kike! Duk sanda ya sha naki sai hannunsa ya ƙara rawa. Wata biyu ina zuba ido!"

Na dubi Yahaya. Mijina baduku ne, duk Tarka babu mai aikin fata kamarsa, amma shekara guda ke nan hannunsa na dama yana karkarwa. Yana zaune ya danne hannun da gwiwa, idonsa a ƙasa.

Ko uffan bai ce ba. Wallahi shirun nan ya fi maganar Kulu yi mini ciwo!

Washegari aka sa ni a kamiyo, babbar motar kaya, zuwa gidanmu a Falanko, wai sai an bincika.

Wata huɗu...

Aka yi girbin gero aka gama. In na iso bakin rijiya sai hirar mata ta mutu. Ko ƙawata ta daina shan ruwa daga hannuna. Ni da nake fasa masa kan sukari ba awo don kawai in ga murmushinsa, wai ni ce mai sammu! Na yi kuka na gaji, na yi fushi na gaji, kewarsa ba ta ragu ba.

Wata rana da hantsi na ji sallama. Muryar ta yi ƙasa, amma na gane ta.

Yahaya ne. Ya rame...

"Raliya, na je Tanut wajen likita. Ya gwada fitsarina, ya ce sukari ya yi yawa a jinina. Ciwon rawar daban ne, amma yana ganin zaƙi na ƙara tayar da shi."

Na zauna a bakin ƙofa.

"Ashe da gaske ni ce..."

"A'a! Ba ni nake cewa ki ƙara ba? Na faɗa wa Kulu maganar likita a gaban liman, kowa ya ji."

"Ranar da ta zarge ni fa? Ina bakinka ya tafi?"

"Tsoro na ji, Raliyata. Ni ma na zarge ki a zuciya... Ki yafe mini."

Na share hawaye da bakin zane.

"Rawar za ta daina?"

"Likita ya ce ba ta warkewa, gaba za ta yi. Wata rana ko lomar tuwo ba zan iya kaiwa baki ba. Shi ya sa ban zo biko ba. Na zo wanke sunanki ne, in kina son takardar saki in ba ki."

Ji mutum! Tun daga Tarka don ya gaya mini wannan.

Na shiga ɗaki na ɗaure kayana, na fito da su a kai.

"Wata huɗu ka bar ni ni kaɗai, yanzu kuma kana so ka bar ni gaba ɗaya? Ba ka isa ba, Maigida. Wuce mu tafi."