Wa Ya Matso Da Kujerar Hashimu?

"Wa ya matso da kujerar nan gaba?"

Najaha ta tsaya da gaisuwa a bakinta, ko gama durƙusawa ba ta yi ba. Hajiya Kande, mahaifiyar saurayinta Hashimu, tana tsaye a jikin motar ɗanta a tsakar gida, an yaye tamfol, ƙofar direba a buɗe.

"Hajiya, ina wuni..."

"Riƙe gaisuwarki! Ɗana dogo ne, duk Matameye an sani, sai ya sunkuya yake shiga ɗakina. Wannan kujera kuwa ta kusa haɗuwa da sitiyari. Wa ya zauna a kanta?"

Can gefe Zuhra ce, 'yar ƙanen Hajiya da ta taso a gidan, riƙe da tsumma tana sunne kai kamar ta Allah.

"Ni dai Gwaggo, goge motar na zo yi na gani..."

Zuhra da goge mota! Yarinyar da kofin da ta sha shayi ma sai an yi ta fama take ɗauraye shi. Kowa a gidan ya san tun tasowarta idonta na kan Hashimu, shi kaɗai ne bai sani ba.

Najaha ta ɗago kai.

"Ni ce, Hajiya. Shi ya koya mini."

Gaskiya ta faɗa. Hashimu mai fentin motoci ne, duk rani a Kano yake yinsa kamar sauran mazan gidansu, motar kuma a bar ta a rufe har damina. An riga an kai gaisuwa gidan su Najaha, an ce biki sai bayan kaka. Kafin ya tafi ya riƙa kai ta wani fili a hanyar Dawce da la'asar yana koya mata tuƙi. Malami ne mai tsanani, ga tsokana.

"Kada ki taɓa makulli tukuna, 'yar gajeruwata. Gyara zama. Ja ƙarfen da ke ƙasa, matso har ƙafarki ta danne kuloci ba tare da kin yi miƙa ba."

"Haka?"

"Sake shi, ki girgiza kujerar. Sai kin ji ta ce ƙas, ta kama. Yanzu madubi. Yanzu ɗamarar kujera. To, sai kontak, ki murza makulli."

"Kai Yaya Hashimu, kafin in gama wannan ai an watse daga bikin!"

"Gara ki je a makare, Naja. Ni ba ni da wata sai ke."

Ranar ƙarshe ya kama hannunta ya kai shi ƙarƙashin sitiyari, ta hagu, har yatsanta ya taɓa wani ɗan maɓalli. A Kano aka saka masa saboda ɓarayin mota. In ka tayar ba ka danna shi ba, motar za ta yi 'yar tafiya ta mutu, kuma ba za ta sake tashi ba sai an danna.

"Babu wanda ya san wurin nan sai ni. Yanzu sai ke. Hajiya na da hawan jini, mu duka muna tafiya mu bar mata mota kamar tukunyar ado. In ba na nan, ke ce ni."

Ita ta tuƙo su har kusa da gida ranar. Yana saurin kama motar Kano ya shigar da tasa motar gida a takure, ya manta bai mayar da kujerar ba.

"Ya koya miki," in ji Hajiya, tana jinjina kai. "Wato kafin ki shigo gidan har kin hau kujerarsa. Surukar da za ta riƙa yawo da mota a gari maza na nuna ta, ba a gidana ba."

"Wallahi Hajiya don ke ya yi! Ya ce ko ciwonki zai tashi ba kowa. Har maɓallin ɓoye ya nuna mini..."

Tana faɗa ta san ta yi ɓarna.

Fuskar Hajiya ta canza. Ita da ta haife shi bai taɓa nuna mata ba.

"Tashi ki tafi. Maganar aure kuma a dakata, sai ya dawo."

Da yamma Najaha ta kira shi tana kuka har numfashinta na sarƙewa.

"Yi shiru, rabin raina. Hajiya faɗa gare ta, amma ba ta da riƙo. Ruwan farko na sauka zan taho, in durƙusa mata da kaina."

"Ba ka ga idonta ba, Yaya. Ni jikina ya mutu. Ji nake kamar ba za a yi auren nan ba..."

"Za a yi. Ke dai ki..."

Tari ya sarƙe shi, mai tsawo, irin wanda ƙirji ke fito da shi da ƙara.

"Fentin nan zai kashe ka! Kana shaƙar maganin asmarka?"

"Ina shaƙa, Madam direba."

Ta yi dariya cikin hawaye, amma hankalinta bai kwanta ba.

Ita kuwa Zuhra ba ta zauna ba. Kullum tana gindin Hajiya tana mata tausar ƙafa.

"Gwaggo, makulli ai yanka shi ake yi a kasuwa. Tunda ta san sirrin motar, wata rana sai dai ki ji an gan ta a Damagaram da ƙawaye. A kira Yaya Manu ya canza wa maɓallin nan wuri."

Manu yayanta ne, bakanike. Hajiya ta ce a kira shi. Da ya zo da kayan aikinsa Zuhra ta tsaya a kansa.

"Ka sa shi inda hannunta ba zai taɓa kaiwa ba."

"Hashimu ya sani?"

"In ya dawo ka gaya masa."

Manu ya ɗaga kafaɗa, ya tura kujerar baya ya yi aikinsa. Ko tambayarsa inda ya sa ba su yi ba. Su dai burinsu ya cika.

Rani ya yi tsawo a wurin Najaha. Ta daina bi ta layin gidan. In ta haɗu da Hajiya a wurin suna ta gaishe ta, sai a amsa mata da ka. Zuhra kuwa har lalle ta fara ƙunsawa ba biki ba salla.

Sai ruwan farko ya sauka.

Wanda ya san Matameye ya san yadda take washegarin ruwan shuka. Gari ya zama na mata da tsofaffi. Mai shago ya rufe, ɗan kabu-kabu ya tafi da babur ɗinsa gonar ubansa, kowane namiji mai ƙafa yana daji da iri a ƙwarya.

Da hantsi saƙon Hashimu ya shigo wayarta: ya sauka, ya wuce gona wurin Baba a hanyar Dungu, da yamma zai zo.

Tana cikin guge mayafinta aka banko ƙofar gidansu.

Hajiya Kande ce, ba takalmi, ɗankwali a hannu, Zuhra na bayanta.

"Najaha! 'Yata, taso! Hashimu ya faɗi a gona, numfashinsa ya ɗauke, ya bar maganin a jaka a gida. Babu mai tuƙi a unguwar nan... ki rufa mini asiri!"

Ba ta san lokacin da ta isa gidan ba. Ta fizge tamfol, ta karɓi makulli, ta faɗa cikin motar, su Hajiya suka shiga baya. Muryarsa na kunnenta. Ta ja ƙarfe ta matso da kujerar, ta girgiza, ta ji ƙas. Madubi. Ɗamara.

"Ke, wannan duk na mene ne? Mu tafi!" in ji Hajiya daga baya, jakarsa a rungume.

Ta murza kontak, mota ta tashi. Ta kai hannu ƙarƙashin sitiyari, ta hagu.

Rami kawai ta taɓa.

Ta sake lalubawa. Injin dai na aiki, sai ta ce wa ranta ko Hashimu ne ya sa aka cire shi. Ta saka giya ta fita.

Sun bar gidajen ƙarshe, sun hau jar hanya mai laka, gonaki sun fara bayyana, sai motar ta yi wata shessheƙa ta yi shiru. Ta gangara kaɗan ta tsaya.

Najaha ta murza makulli. Shiru.

Ta sake murzawa. Shiru.

"Maɓallin... Hajiya, ina maɓallin? Ba ya wurinsa!"

 Ta duba madubi ta ga Hajiya ta zuba wa Zuhra ido, Zuhra kuma ta toshe baki da hannu biyu.

"Yaya Manu ne ya canza..." in ji Zuhra da wata 'yar murya. "Ni na ce... mu muka ce ya canza."

"Ina ya sa shi?"

"Ban sani ba. Wallahi ban tambaya ba!"

"Kira shi!"

Manu yana gonarsu a Kurni, wayarsa ba ta shiga. Zuhra ta kira, ta sake kira, tana kuka tana dannawa. Najaha ta cire ɗamara ta durƙusa a laka, rabin jikinta cikin mota. Ta laluba bayan birki, cikin akwatin gaba, gefen giya, jikin ƙofa. Ta cusa hannu ƙarƙashin kujera iya inda ya shiga, ƙarfe ya yanke ta. Babu komai. Hanya kuwa fayau, ko jaki babu.

Wayar Hajiya ta yi ƙara. Malam Illa ne, mahaifin Hashimu.

"Kuna ina? Mun ɗora shi a amalanke, shanun ba sa sauri cikin lakar nan!"

Najaha ta karɓe wayar.

"Baba, sa masa a kunne, don Allah."

Ta ji numfashinsa, siriri, yana fita da ƙyar.

"Yaya Hashimu... motar ta mutu..."

"Na...ja..." Ya daɗe kafin ya samu wata iskar. "Ƙarƙashin... sitiyari... hagu..."

Ta runtse ido. Hawaye suka zubo. Me za ta ce masa? Ta gaya masa mahaifiyarsa ce ta sa aka ɗauke, yana wannan hali?

"Na gani, masoyina. Na danna. Ga ni nan zuwa, ka jira ni."

"Ɗaura... ɗamara..."

"Na ɗaura. Ka jira ni kawai!"

Ta fizgi jakar daga hannun Hajiya, ta zare maganin, ta tuɓe takalmi ta zuba da gudu. Laka na riƙe ƙafarta, zani na harɗe ta, ta faɗi ta tashi. Masu shuka daga nesa suka ɗaga kai suna kallon yarinyar da ke gudu tana kiran sunan namiji da ƙarfi, ba kunya ba komai.

Ta hango amalanken daga nesa.

Abin da ya fara tsayar da ita shi ne, ba a korar shanun. Tafiya suke a hankali, Malam Illa na biye a ƙasa, kansa ba hula. An lulluɓe na kwance da babbar riga, ƙafafunsa sun yi wa amalanken tsawo, sun leƙo waje.

Ta zube a tsakiyar hanya da maganin a hannunta.

Malam Illa ya tsaya a kanta.

"Sai haƙuri, 'yata. Har ya cika yana ce mini kada in damu, Naja na zuwa, ta iya mota."

Bayan an share makoki Hajiya ta aika a kira ta. Najaha ba ta so zuwa ba, mahaifiyarta ce ta matsa. Ta tarar an jawo motar an ajiye a wurinta, laka ta bushe a tayoyin. Zuhra ta koma gidan ubanta tun ranar, ba wanda ya kore ta. Hajiya ta rame, ta zama wata 'yar tsohuwa a kan tabarma.

"Manu ya zo zai nuna mini wurin, na ce ba na son gani," in ji ta. "Babu wanda ya taɓa kujerar. Yadda kika bar ta take."

Ta miƙo makullin.

"Ke ya ba wa amanarta. Ni na shiga tsakani. Ban san da bakin da zan roƙe ki ba, Najaha..."

Najaha ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta karɓa ta buɗe ƙofar motar. Har yanzu akwai ƙamshin turarensa a ciki. Ba tuƙi ta zo yi ba, so take kawai ta mayar masa da kujerarsa yadda yake zama. Ta ja ƙarfen ta tura ta baya, can ƙarshe, har ta ce ƙas.

Sai ta gan shi.

Ɗan baƙin maɓalli a ƙasa, a jikin ƙarfen da kujerar ke gudu a kai, daidai wurin da kujerar ke rufewa in an matso da ita gaba. Duk laluben da ta yi ranar, a kansa take zaune.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta zauna a mazaunin Hashimu, ƙafarta ba ta ko kai kuloci sosai ba, ta tabbatar giya na sake, ta sunkuya ta danna, ta murza kontak.

Motar ta tashi. Suka jira ta mutu, ba ta mutu ba. Injin ya ci gaba da aiki lafiya lau a tsakar gidan.

Najaha ta juyo ta dubi tsohuwar, hawaye na bin fuskarta.

"Ga shi ta tashi, Hajiya. Ina za mu?"

Hajiya Kande ta ja mayafi ta rufe fuskarta.