Kwamfutar da Ba Ta Kulle Kanta

Sufeto ya wayi gari bai runtsa ba. Tambayoyin jarrabawa sun bazu a wayoyin ɗalibai ana gobe za a zauna ta, ya kama jami'in kwamfuta na hukumar jarrabawar, wanda kowa ke kira Injiniya, kuma yau da azahar za a kai shi kotu.

Hujjar a fili take. Injiniya ne ya kafa dokokin tsaro daga babbar kwamfutar da ke mulkin sauran: babu wadda za ta karɓi filash, abin da ake sokawa a kwashi bayanai, kuma duk wadda aka bari ba a taɓa ba sai ta kulle kanta. Wanda ya ɗaura dokar shi ne zai iya kwance ta.

Amma abu ɗaya ya tsaya wa Sufeto a rai. Ran da ya fara zuwa, a ofishin Mataimakin Darakta suke zaune, kwamfuta a gabansu. Da Mataimaki zai nuna masa filash ba ya aiki, sai ya tashe shi suka fita har teburin sakatariya.

Ya sa aka fito da Injiniya.

"Duk kwamfutocin suna ƙarƙashin dokar nan?"

"Duka, Yallaɓai."

"Matarka na bakin ƙofa tun asuba da goyo. Sake ba ni amsa."

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Akwai guda. Darakta ya ce shi ba yaro ba ne da inji zai riƙa rufe masa ƙofa. Na cire tasa daga dokar, ya ce kada kowa ya ji. Amma tuni aka saya masa sabuwa, ita kuwa tana cikin dokar."

"Tsohuwar fa?"

"Na ce a kai ta sito."

"Ka ga an kai?"

Injiniya ya girgiza kai.

A hukumar, sakatariya ta yi dariya har da tafa hannu.

"Sito? Yallaɓai, a gidan nan kayan Darakta ba sa zuwa sito, gangarowa suke yi. Kujera, firji, labule, wanda ke bi masa shi ke gada. Ni kaina tsohuwar fankar Mataimaki ce ke kaina, ji yadda take kuka."

Sufeto bai yi dariya ba. Ya dubi kwamfutarta. Suna cikin magana ta yi duhu, ta nemi lambar sirri.

Mataimaki ya tarbe shi da fara'a, ya janye hannu daga kwamfutarsa. "Sufeto! An gama da ɓarawon namu?"

"Saura kaɗan, ranka ya daɗe."

Sufeto ya zauna. Ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya ja hira a kan tsadar magani da cinkoson hanya. Sajen da ya rako shi, da ke tsaye a ƙofa, ya yi ta sauya ƙafa. Mataimaki ya dubi agogo, ya sake duba. Kwamfutar tana nan tar, kamar idon da ya ƙi barci.

"Taka ba ta gajiya," in ji Sufeto.

"Wace?"

"Ta sakatariya ta kulle tun ba mu gama gaisawa ba."

"Ai ni ban san kan waɗannan abubuwa ba. Tambayi Injiniya."

Sufeto ya ciro filash daga aljihu, ya ajiye a kan teburin a hankali. "Ranar nan ka kai ni waje ka nuna mini. Yau nuna mini a nan."

Mataimaki bai motsa ba. Sufeto ya miƙe ya soka shi da kansa. Kwamfutar ta yi ɗan ƙara, ta buɗe shi.

"Kowa zai iya shigowa ofishin nan," in ji Mataimaki.

"Haka ne. Amma wanda bai san tasa na karɓa ba, ba zai tashi ya je ta wani ba."

Mataimaki ya cire tabarau, ya share fuska da tafin hannu.

"Don ɗana kaɗai na kwashi tambayoyin. Shekara bayan shekara yana faɗuwa, uwarsa na kuka. Shi ne ya tura wa abokansa. Wallahi ban nufi Injiniya da sharri ba."

"Amma ka kwana a gidanka, shi ya kwana a namu."

Saje ya zaro ankwa. Sufeto ya girgiza kai, ya buɗe ƙofa da kansa.

"Mu je, ranka ya daɗe. Saje, ɗauko kwamfutar. Ka kira ofis, a ce wa matar nan ta shigo inuwa, mijinta na fitowa."