Saƙon da Mantau Ta Tura wa Umma

Sau uku Mantau tana barin makullinta a shagon mai gyaran waya. A karo na uku ya miƙa mata yana murmushi.

"Ko dai ni kike zuwa gani?"

"Ina ma haka ne," ta ce. "Kaina ne ba ya riƙe abu."

Daga nan soyayya ta ƙullu.

Wata rana ta ci karo da gwaji a intanet, na matsalar kasa tattara hankali ga manya. Ta amsa tambayoyin, sakamako ya ce alamunta suna da yawa, ta nemi likita. Cikin zumuɗi ta ɗauki hotonsa ta rubuta: "Rabin raina, ashe abin yana da suna! Ba sakarci ba ne."

Amma fa Mantau ce. Maimakon saurayin nata, Ummansa ta tura wa.

Umma ta ce atafau ɗanta ba zai auro mai taɓin hankali ba, ga 'yar ƙanwarta nan mai nutsuwa.

Ya turo saƙo: "Tauraruwata, ki ce mata wasa ne, don Allah."

"Ba zan ce ba. Tun ina ƙarama nake ba da haƙuri kan laifin da ban yi ba. Na gama."

Ya yi kwana biyu yana jin kunyar kansa, sannan ya rubuto: "Ki yafe mini. Mu je wajen likita tare."

Likita ya duba ta, ya tabbatar. Daga can suka wuce falon Umma, Mantau ta durƙusa ta gaishe ta.

"Umma, ban zo roƙo ba. Tambayoyin zan karanta miki, ki ji ko na mahaukata ne. Kina yawan fara aiki ki bar shi rabi? Kina neman abin da yanzu kika ajiye?"

Umma ta waiga. Ga saƙa uku a gefenta, ba wadda ta gama. Tabaran da take cigiya tun safe yana kanta.

"Ci gaba," ta ce.

Ba a kai tambaya ta goma ba hawaye ya zubo mata.

"Shekara talatin dangin miji suna ce mini sakarya, har ni ma na yarda."

Ranar ɗaurin aure amarya ta manta mayafinta a mota. Umma ta cire nata ta lulluɓa mata.

"Allah Ya yi muku albarka, 'yata. A gidan nan ba mai ce miki sakarya, ina raye."