Koren Maɓalli a Sito na Toledo

Ni na fara hango wannan bala'in, tun kafin masu gilashin ido su sa masa suna. Ban yi boko ba, amma na tuƙa motar tserewar 'yan fashi shekaru da yawa a Toledo, kuma har yau ina taka ƙasa da ƙafata. Waɗanda suka yi mini dariya fa, suna ina?

A garejina aka yi taron, ana cin fukafukan kaza. Cleophus Rudd ne oga, ga Yolanda mai bindiga, ga Lamont Beasley, ƙaramin ma'aikaci a wani siton magunguna masu tsada. Lamont ne ya kawo aikin.

"Akwai wata 'yar manhaja a kowace kwamfutarmu," in ji shi. "In babbar manhaja ta faɗi, ita ke kwashe duk abin da ke cikin kanta don a kai wa masu gyara. Sai ta zube shi inda kowane ƙaramin ma'aikaci zai iya leƙawa. In na kayar da manhajar ƙofa, lambar ɗakin ajiya ta ranar tana cikin tarkacen."

"Sannan?" in ji Cleophus.

"Sannan ku ɗaure ni tare da maigadi. Ni ma an yi mini fashi. Litinin in koma aiki, ba wanda ya san ni."

Na ce, "Yaro, abin da aikinsa kai ƙara ne, ɗan tsegumi ne. Zai kai taka."

"Tsoho, kai dai riƙe sitiyari," in ji Yolanda. Suka kwashe da dariya.

Lahadi da rana, gari duk yana kallon ƙwallo. Wojcik maigadi na gaban talabijin, rabin burodi a baki, Yolanda ta ɗora masa bakin bindiga a ƙeya.

"Kwanta, kaka! Ka motsa, jikokinka su ci gado!"

Cleophus ya shaƙo wuyan rigar Lamont, ya ja shi ofis yana zagi don maigadi ya ji. Lamont ya zauna. Ya shiga da sunansa, don ba shi da wata hanya. Ya cusa wa manhajar ƙofa abin da ba za ta iya haɗiyewa ba. Allo ya daskare, ta faɗi!

Ya leƙa tarkacen. Ga lambar, tsirara.

Sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo, ya rufe rabinta. Manhaja ta sami matsala, a aika rahoto? Ga babban maɓalli kore, ga ƙarami mai ruwan toka a gefe. Lamont ya san ƙaramin zai danna, sannan ya share sawunsa.

"Mene ne kuma wannan?" in ji Cleophus.

"Oga, dakata in..."

"Dalla matsa, malamin banza!"

Cleophus ya yi abin da kowa ke yi a ƙasar nan in akwati ya tare masa allo: ya danna babban, ko karantawa bai yi ba.

An aika. Mun gode.

Rahoton nan na ɗauke da sunan wanda ya kayar da manhajar, da abin da ya cusa mata.

A birnin Columbus, wata injiniyar kamfanin manhajar da ke aikin Lahadi ta ga saƙo ya shigo. Ƙofar ɗakin ajiya ta faɗi, ranar hutu, a hannun mai lissafin kwalaye? Ta ajiye kofi ta ɗauki waya.

"Mota uku, titin bayan sito," in ji Sajan Delgado ga 'yan sanda ta rediyo. "Ban da jiniya sai kun iso."

A ciki, Yolanda na loda kwalaye a amalanke. Lamont na tsaye kamar gunki.

"Kai, ɗan boko, me ya same ka?" in ji Cleophus. "Kwanta in ɗaure ka."

Da ya yi shiru, wataƙila da ya ga Litinin, ko a kurkuku ne. Amma haushi ya ci shi.

"Ɗaure uban wa? Ka aika musu sunana, jaki! Da yatsanka!"

Cleophus ya tsaya. Ya kalli allo, ya kalli Lamont.

"Wato sun san ka."

"Sun sani!"

"Kai kuma ka san ni."

"Oga, wallahi ba zan..."

Tau! Tau!

Lamont ya zame jikin tebur. Abu na ƙarshe da ya gani shi ne allon nan, yana masa godiya.

Ina waje na ji ƙarar. Harbi biyu, a aikin da aka ce ba harbi. Na tada mota. Jiniya ta ɓarke daga kwanar titi! Cleophus ya fito a guje, ya kama ƙofar mota, ya ji ta a kulle.

"Buɗe, tsohon banza!"

Na ce, "An ce in riƙe sitiyari."

Na taka mai. Ya harba ta ƙofa, harsashi ya shige cinyata, amma ban saki ba sai da motar Delgado ta tare ni a bakin gada.

Yolanda ta fito da bindiga a hannu, ba ta kai shinge ba 'yan sanda suka harbe ta. Cleophus na can a ɗaure har ya mutu. Wojcik bai ƙara aikin gadi ba, shi ya faɗa wa kotu abin da kunnensa ya ji, daga bakinsa na haɗa sauran. Uwar Lamont ta binne ɗanta ita kaɗai. Ni na yi zamana a kurkuku na fito. Daga baya masu gilashi suka toshe ramin manhajar, suka yi ta surutu kamar su suka gano shi.

Wanda ya ce ƙarya nake, ya zo shagon aski na titin Dorr ranar Asabar. Zan naɗe wando ya sa yatsa a ramin harsashin. Sannan ya maimaita a gabana, in ya isa.